Ina Kuɗin Masara Suka Shiga? Nazarin Lissafin Wata Guda a Wani Sito na Dawanau

A ƙarshen wani watan Maris kawuna, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana sarin hatsi a kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina in an fito daga Kano, ya aiko a kira ni da maraice bayan an rufe sito. Na same shi zaune a kan tabarma da wayarsa da wani littafin makaranta mai falle arba'in a gabansa, ransa a ɓace. Abin da ya fara ce mini shi ne: "Ɗana, kai ka yi karatun akanta, zo ka duba mini, domin ina zargin ana yi mini ɗauki ɗaiɗai a wurin nan." Wanda zargin ya fi karkata gare shi kuwa shi ne babban yaron sitonsa, wanda ya yi shekara bakwai yana riƙe masa makulli.

Hujjar Kawu ba ta banza ba ce, kuma duk ɗan kasuwar da ya ji ta zai gyaɗa kai. Ya shiga watan da buhu 100 na masara, ya saro buhu 150, ya sayar da 150, don haka ya kamata ya fita da buhu 100 kamar yadda ya shiga. Tun da kaya suna nan yadda suke, a ganinsa dole ne kuɗi su ƙaru da gwargwadon ribar da aka ci. Ribar kuwa ya riga ya lissafa ta da ka, bisa cewa kowane buhu ya tsaya masa a naira 40,000: buhu 80 da ya sayar a kan 47,000 sun ba shi 560,000, buhu 60 a kan 48,000 sun ba shi 480,000, buhu 10 a kan 50,000 sun ba shi 100,000, jimla naira 1,140,000. Amma da ya haɗa abin da ke cikin durowa da abin da ke banki, sai ya tarar da 2,274,000, alhali a farkon watan yana da 3,000,000 cif. Maimakon ƙarin miliyan ɗaya da ɗoriya, sai ga giɓin 726,000. Da aka ƙirga buhuna kuma, 97 aka samu, ba 100 ba.

Na mayar da alƙaluman wannan rubutu cikakkun dubbai domin sauƙin bi, amma tsarin abin da ya faru yana nan yadda yake. Kayan aikin da na samu guda uku ne: littafin yaron, wanda yake rubuta duk abin da ya shiga durowa ko ya fita, da saƙonnin banki da ke wayar Kawu, da kuma abin da Kawu ke iya tunawa.

Ban fara da neman kuɗin da suka ɓata ba. Na fara da tambayar abin da kasuwancin ya mallaka a ranar 1 ga Maris, domin ba a iya cewa abu ya ragu sai an san yawansa na farko. A ranar akwai tsabar kuɗi 600,000 a durowa, da 2,400,000 a banki, da masara buhu 100 a kan 40,000 wato 4,000,000, da bashin da Kawu yake bin mutum biyu na 500,000, da sikeli da injin ɗinkin buhu da katakon jera kaya waɗanda muka ƙiyasta darajarsu a 480,000. Waɗannan su ne kadarori, jimlarsu 7,980,000. A ɗaya ɓangaren, wani mai kawo masa kaya yana binsa 980,000. In an cire abin da ake binsa daga abin da ke hannunsa, saura 7,000,000, kuma wannan shi ne jarinsa na haƙiƙa. Dukan ilimin akanta a kan wannan ma'auni yake tsaye: kadara daidai take da bashin da ake bin kasuwanci haɗe da jarin mai shi. Kowace hulɗa da za ta biyo baya sai ta taɓa wuri biyu aƙalla, ta yadda ma'aunin ba zai karkace ba. Tsarin rubuta kowace hulɗa sau biyu ba sabo ba ne. Wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana shi a littafin da aka buga a Venis a 1494, kuma abin da ya rubuta shi ne abin da fataken birnin suka riga suka saba yi.

Hulɗar farko ta watan ita ce hayar sito. Ranar 2 ga wata Kawu ya tura wa mai sito 720,000, kuɗin shekara guda. Kuɗi sun fita daga banki, wannan ba gardama, amma tambayar akanta ita ce nawa ne daga cikinsu watan Maris ya ci. In aka raba 720,000 gida goma sha biyu, kowane wata zai ɗauki 60,000. Saboda haka 60,000 kaɗai ne kashe kuɗin Maris, sauran 660,000 kuwa kadara ce har yanzu, domin haƙƙi ne na zama a siton tsawon wata goma sha ɗaya masu zuwa. Kawu ya ɗan yi jim a nan, ya ce shi dai ya san kuɗin sun bar hannunsa. Na ce masa, "Kawu, da yau za ku sayar wa wani da kasuwancin nan, ai za ku ce ya biya ku hayar da ta rage." Ya amsa cewa lallai kuwa, ko sisi ba zai bari ba. Abin da mutum zai nemi a biya shi kuwa dukiyarsa ce. Muhimmancin wannan rabo zai fito a fili daga baya, domin da an ɗora dukan hayar a kan Maris, da ribar watan ta koma naira 2,000 kacal, watanni goma sha ɗaya na gaba kuma su nuna ribar da ta fi ta gaskiya.

Ranar 5 ga wata wani mai gidan gonar kaji ya sayi buhu 80 a kan 47,000, ya turo 3,760,000 nan take. Wannan ba ta da wahala: banki ya ƙaru, ciniki ya ƙaru, kaya sun ragu da kuɗin da aka saye su.

Sarin da aka yi ranar 8 ga wata shi ne wurin da lissafin ka na Kawu ya fara rabuwa da na takarda. Ya saro buhu 150 daga Saminaka a jihar Kaduna a kan 40,000, wato 6,000,000. Ya biya 4,000,000 ta banki, mai kayan ya ɗaga masa ƙafa a kan 2,000,000 zuwa tsakiyar Afrilu. Har nan Kawu yana ganin sabon kaya da tsoho farashinsu ɗaya ne. Sai dai littafin yaron ya nuna cewa a ranar da kayan suka iso an fitar da 300,000 daga durowa: 225,000 kuɗin mota, 45,000 na 'yan dako da suka yi lodi da waɗanda suka sauke, 30,000 la'adar dillali. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka kashe domin kaya su iso wurin da za a sayar da su, cikin kuɗin kayan yake. Masarar da ke Saminaka ba za ta sayu a Dawanau ba sai an ɗauko ta. Don haka kayan sun tsaya a 6,300,000, kowane buhu 42,000. Tsohon kayan kuwa, da na bincika, 40,000 ɗin da Kawu ke kiran sa da shi ya riga ya haɗa da kuɗin mota, domin a kaka aka saye shi lokacin da hatsi ke da sauƙi. Bambancin naira 2,000 a buhu ƙaramin abu ne a ido, amma a harkar da ribar buhu ba ta wuce dubu bakwai ko takwas ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ribar.

Daga nan hulɗoɗi uku suka biyo baya waɗanda suka motsa kuɗi sosai ba tare da sun taɓa riba ko kaɗan ba, kuma a ganina su ne zuciyar wannan lamari. Ranar 12 ga wata Kawu ya biya tsohon bashin 980,000. Banki ya ragu, bashin da ake binsa ya ragu, jari bai motsa ba, domin masarar da aka ci bashin a kanta tun a wani watan aka lissafa ta. Ranar 18 ɗaya daga cikin waɗanda yake bi ya kawo 300,000 a hannu. Durowa ta ƙaru, bashin da yake bi ya ragu, amma ba sabon ciniki ba ne, kuɗinsa ne na da suka dawo gida. Ranar 21 kuma wani ɗan kasuwa ya turo 400,000 a matsayin kafin alƙalami na buhu 20 da zai ɗauka a Afrilu. Wannan ita ce mafi yaudara, saboda saƙon banki yana shigowa kamar na kowane ciniki, zuciya kuma ta ɗauke shi samu. Alhali kuwa buhunan suna nan a sito ba a miƙa su ba, kuma in cinikin ya warware dole a mayar wa mutumin kuɗinsa. Har zuwa ranar da za a ɗauki kayan, 400,000 ɗin bashi ne a wuyan Kawu, kuma a ɓangaren bashi na rubuta shi.

Akasin haka ya faru ranar 15 ga wata, inda aka sami ciniki mai riba amma kuɗi ba su shigo duka ba. Wani tsohon abokin hulɗa ya ɗauki buhu 60 a kan 48,000, jimla 2,880,000, ya biya 1,380,000 ta banki, sauran 1,500,000 ya ce sai ya sayar. A littafin akanta ana rubuta cinikin gaba ɗayansa ranar da kaya suka bar hannu suka zama na mai saye, saboda haka ciniki ya ƙaru da 2,880,000, banki ya ƙaru da 1,380,000, bashin da ake bin mutane ya ƙaru da 1,500,000. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne babu inda aka rubuta wannan bashi sai wani layi guda a littafin yaron, ba sa hannu, ba ranar biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi zuwa ajalin da aka ambata, kuma kusan duk wanda ke Dawanau ya san ta, amma kunya da sabo suna sa a bar miliyoyi a kan amana da ƙwaƙwalwa. Amanar na da kyau, sai dai ƙwaƙwalwa tana mantuwa, mutum kuma yana mutuwa ya bar magada ba su san komai ba.

Sauran abubuwan watan ƙanana ne. An sayar da buhu 10 ɗaiɗai a kan 50,000, aka karɓi 500,000 a hannu. An biya yaran sito biyu 90,000. Maganin ƙwari da sababbin buhuna da kuɗin mai gadi da na ƙungiya sun ci 70,000. Banki ya cire 6,000 na tura kuɗi da saƙonni, abin da Kawu bai taɓa sa wa ido ba.

Da na gama jera waɗannan sai na lissafa abin da ya kamata a samu a durowa da banki, na ga ya zarce abin da aka samu da 900,000. A nan ne aka shiga maganar da ta fi nauyi, wato kuɗin da mai kasuwanci ke ɗiba domin kansa. Littafin yaron ya nuna an ba da kuɗin cefane sau da yawa a cikin watan, jimlarsu 350,000. Wayar Kawu ta nuna an tura 450,000 zuwa makarantar yara. Saura 100,000 a durowa da ba mu san inda suka shiga ba, kuma na ga fuskar Kawu ta sake ɗaurewa. Aka kira yaron. Ya durƙusa ya buɗe bayan littafin, inda ya rubuta da jan biro cewa Alhaji ya karɓi ɗari ranar Juma'a, ya ce: "Alhaji, ranar da kuka ce za ku kai gudummawar bikin gidan maƙwabcinku ne, kun karɓa da hannunku bayan an sauko daga masallaci." Kawu ya yi shiru, sannan ya ce haka ne, ya tuna. Buhuna ukun da suka ɓata ma a nan bayaninsu ya fito: biyu an kai gida bisa umarnin da Kawu ya bayar ta waya, ɗaya kuma an farke shi an yi cikon buhunan da ɓeraye suka huda, domin kada mai saye ya auna ya ga sun gaza.

A akanta ana ɗaukar kasuwanci a matsayin abu daban da mai shi, ko da kuwa mutum ɗaya ne ya mallake shi kuma bai yi masa rajista ba. Kuɗin makaranta da cefane da gudummawar biki wajibai ne na rayuwa, ba wanda zai ce kada a yi su, amma ba su ne suka kawo cinikin masara ba, don haka ba a cire su daga riba. Ana cire su daga jari kai tsaye. Buhu biyun da aka kai gida su ma haka ne, ana lissafa su a kan kuɗin da aka saye su, 84,000, ba a kan farashin sayarwa ba, domin mutum ba ya cin ribar kansa. Jimlar abin da Kawu ya ɗiba a watan ya kama 984,000. Buhun ciko kuwa asarar kasuwanci ce, 42,000, kuma riba ce za ta ɗauke ta.

Kafin a fitar da riba dole a yanke hukunci a kan wane buhu aka sayar, tun da akwai na 40,000 da na 42,000 a sito ɗaya. Na bi hanyar da ke cewa abin da ya fara shiga shi ne ya fara fita, wadda ta dace da yadda ake yi a zahiri, domin babu mai hatsin da zai bar tsohuwar masara ƙwari su cinye ya riƙa fitar da sabuwa. Bisa haka, daga buhu 150 da aka sayar, 100 na farko sun tsaya a 4,000,000, sauran 50 a kan 42,000 sun tsaya a 2,100,000, jimlar kuɗin kayan da aka sayar 6,100,000. Ciniki kuwa 3,760,000 da 2,880,000 da 500,000 ne, wato 7,140,000. Bambancin, 1,040,000, shi ne ɗanyar riba, kimanin kashi 14.6 cikin ɗari na ciniki. Ta gaza abin da Kawu ya lissafa da ka da 100,000 daidai, wato naira 2,000 na kuɗin ɗauko kaya sau buhu 50. Akwai wata hanya ta matsakaicin farashi, inda za a raba 10,300,000 a kan buhu 250 a sami 41,200 kowane buhu, ɗanyar riba ta zama 960,000. Duka hanyoyin biyu karɓaɓɓu ne a ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya da Najeriya ta fara aiki da su a 2012, sharaɗin dai mutum ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kanta, kada ya riƙa sauyawa gwargwadon wadda ta fi faranta masa rai a watan.

Daga ɗanyar riba sai a cire ɗawainiyar gudanar da kasuwanci. Akwai hayar wata 60,000, da albashi 90,000, da ƙananan kashe-kashe 70,000, da cajin banki 6,000, da buhun ciko 42,000. Sai abubuwa biyu da ba su fitar da ko kwabo daga durowa ba amma dole a lissafa su. Na farko tsufan kayan aiki: mun ƙaddara sikeli da inji da katako za su ƙara shekara huɗu, don haka 480,000 a raba huɗu ya ba da 120,000 a shekara, 10,000 a wata. Na biyu bashin 200,000 da ya rage daga tsofaffin basussuka, wanda ke kan wata mai sayar da abinci da ta rufe rumfarta tun watanni huɗu da suka wuce. Kawu bai so a taɓa wannan ba, ya ce matar mutuniyar kirki ce kuma za ta biya. Ban yi masa musu a kan halinta ba. Abin da na ce shi ne littafi ba ya yafe mata bashin, kuma ba ya hana a ci gaba da tuntuɓarta, yana dai hana mu ƙirga kuɗin da ba mu da tabbacin gani a matsayin kuɗin da ke hannu. Muka daidaita a kan ware rabi, 100,000. Wannan adadi hukunci ne na mutum, ba sakamakon lissafi ba, kuma wani akanta zai iya ware fiye da haka. Jimlar ɗawainiya ta kama 378,000, tsantsar riba ta zama 662,000, kimanin kashi 9.3 cikin ɗari na ciniki.

Domin in tabbatar ban tsallake komai ba, na jera dukan asusun a ɓangare biyu kamar yadda ake koyarwa: kadarori da kashe kuɗi da ɗibar mai shi a hagu, wanda ake kira debit, bashi da jari da ciniki da 110,000 da aka ware domin tsufan kaya da bashin shakka a dama, wanda ake kira kiredit. Kowane ɓangare ya ba da 16,650,000. Daidaiton nan yana nuna cewa kowace hulɗa an rubuta ta a wuri biyu da adadi ɗaya, amma ba ya nuna cewa an sa ta a inda ya dace. Da na rubuta kafin alƙalamin nan a matsayin ciniki, da ɓangarorin biyu sun daidaita duk da haka, riba kuma ta kumbura da 400,000 na ƙarya. Ɗalibai da yawa suna ganin daidaiton su ɗauka aiki ya ƙare, alhali kuskuren fahimta yana iya kwanciya lafiya a cikin lissafin da ya daidaita.

Matsayin kasuwancin a ranar 31 ga Maris ya fito kamar haka. Durowa 490,000, banki 1,784,000, masara buhu 97 a kan 42,000 wato 4,074,000, bashin da ake bi 1,700,000 wanda ya koma 1,600,000 bayan ware na shakka, hayar da aka biya gaba 660,000, kayan aiki 470,000. Jimlar kadara 9,078,000. Ana bin kasuwancin 2,000,000 na mai kayan Saminaka da 400,000 na kafin alƙalami, wato 2,400,000. Saura 6,678,000. In aka bi ta ɗaya hanyar, jarin farko 7,000,000, a ƙara riba 662,000, a cire ɗiba 984,000, amsar ita ce 6,678,000 ɗin dai. Hanyoyi biyu sun haɗu a wuri ɗaya, kuma abin da suka nuna shi ne kasuwancin ya ci riba amma jari ya ragu da 322,000, domin abin da aka ɗiba ya fi abin da aka samu.

Tambayar Kawu ta asali ba ta riba ba ce, ta tsabar kuɗi ce, don haka na bi masa sawunsu daga 662,000 na riba zuwa giɓin 726,000. A mayar da 110,000 na tsufan kaya da bashin shakka, tun da ba su fita daga aljihu ba, ya zama 772,000. Bashin da ake bin mutane ya tashi daga 500,000 zuwa 1,700,000, wato 1,200,000 na kuɗinsa suna hannun wasu. Haya ta riƙe 660,000. Kayan sito sun ƙaru da 74,000 a daraja duk da raguwar buhu uku, buhu biyun gida kuma sun tafi da 84,000. A ɗaya gefen, bashin masu kawo kaya ya ƙaru da 1,020,000, kafin alƙalami ya kawo 400,000, waɗannan sun taimaka wa durowa. In an haɗa duka, harkar masara ta bar tsabar kuɗi 174,000 kaɗai a watan, aka ɗebi 900,000 domin gida, giɓi ya zama 726,000, ba ƙarin naira ɗaya ba ragi. Yaron bai ci komai ba, hasali ma littafinsa ne ya sa aka iya gano komai, kuma na faɗa wa Kawu haka a gabansa, domin zargin da aka yi masa shiru bai kamata a wanke shi shiru ba.

Abin da ya fi damuna a takardar ba abin da ya wuce ba ne. A tsakiyar Afrilu mai kayan Saminaka zai zo karɓar 2,000,000, kuma duk abin da ke durowa da banki 2,274,000 ne, wanda 400,000 daga ciki na mai kafin alƙalami ne. In mai buhu 60 ya jinkirta biyan 1,500,000, Kawu zai biya bashin ya zauna ba kuɗin sari, ko kuma ya karyar da masara a daidai lokacin da ya fi son ya riƙe ta. Kasuwanci mai riba yana iya shiga irin wannan ƙunci, kuma lissafin ka ba ya hango shi, domin a ka bashin da kake bi kamar kuɗi yake. Kawu ya kuma lura da kansa cewa wannan takarda ce zai buƙata in lokacin zakka ya yi, sai dai na tuna masa cewa a mazhabar Malikiyya ɗan kasuwa mai jujjuya kaya yana ƙiyasta hajarsa ne a kan farashin kasuwa na ranar, ba a kan 42,000 da littafi ya nuna ba, kuma hukuncin basussukan da yake bi sai ya koma wa malaminsa.

A daren muka tsayar da abu uku. Kawu zai yanka wa kansa 500,000 a wata, a tura su wani asusu daban ranar ɗaya ga wata, cefane da makaranta da biki duk su fito daga can. Yaron zai sami babban littafi mai shafi daban domin kowane mai bashi, da ranar ɗaukar kaya da ranar alkawari da sa hannu. Buhun da zai tafi gida kuma za a rubuta shi kafin ya bar ƙofar sito. Washegari da safe Kawu ya kira mai buhu 60 a gabana, suka gaisa, suka taɓa hirar kasuwa, sannan ya nemi su tsayar da rana. Mutumin ya ce zai kawo miliyan ɗaya ranar 10 ga Afrilu, sauran 500,000 kuma ƙarshen wata, kuma wannan shi ne abu na farko da aka rubuta a sabon littafin.